Limamin Benci

Shekarun baya, tun cikina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ina da shagon ɗinki a bakin babban titin Nima, daidai inda trotro, motocin hayarmu, ke sauke mutanen Maamobi. Ku da kuke bibiyata a nan kun san halina, in yini ya wuce ban sa wani dariya ba, abinci ba ya zauna mini. To a lokacin na fi haka. A ƙofar shagon akwai dakali da murhun dafa shayin ataya, daga la'asar zuwa magariba nan muke majalisa, mu warware matsalar duniya mu sake ƙulle ta. Ni ne mai baki a wurin. Abokina mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie yakan ce da ana ɗinki da harshe, da ni kaɗai na tufatar da Accra har da rarar yadi.

Ɗana na fari bai ɗauko ni ba ko kaɗan. Siriri ne, ƙaramin jiki, maganarsa a yini ba ta cika cokali. Abu biyu ya sa a gaba, ƙwallo da karatun Alƙur'ani, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya ture ɗaya ba. Ana sallame asuba zai ɗaure takalmi ya yi gudu har sai rigarsa ta jiƙe, ya dawo ya yi wanka ya tafi boko. Da yamma yana wani filin yashi a Kotobabi. Daga magariba yana gaban malaminsa. Yana shekara goma sha bakwai ya riƙe izifi arba'in da wani abu a ka. Takalmin ƙwallonsa kuwa ya sha ɗinkina har ya fi kama da aikina fiye da na kamfanin da ya yi shi.

In kuwa ana batun alfahari, na yi shi har na wuce gona. Na gaya wa majalisa yaron nan ya taɓa buga ƙwallo a Kotobabi sai a tashar jirgin ruwa ta Tema aka tsince ta. Na ce masu tsaron gida rubutu suke sha kafin su tsaya a gabansa. Amma duk kurarin na ƙwallo ne. In aka kawo maganar karatu sai in ce wannan ɓangaren uwarsa ne, ni ƙafar na haifa.

Wata rana kocinsu ya zo shago. Mutum ne da usur ba ya barin wuyansa, ina jin ko a wanka da shi yake shiga. Ya ja ni gefe ya ce wani Bature zai zo neman yara don wata makarantar ƙwallo a ƙasarsu, 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar yake so, kuma a duk filin babu kamar ɗana. Na ce ai yaron sha bakwai yake. Ya dube ni kamar jiya na sauko daga motar arewa.

"Tela, in wando ya yi tsawo me kake yi masa?"

Na ce in rage.

"To uku za ka rage. Jikinsa zai ɗauka."

Wanda bai zauna a Zango, unguwanninmu na Hausawa, ba zai ce abin mamaki ne. Mu a wurinmu ɗan ƙwallo shekarunsa kala biyu ne, akwai na uwarsa, akwai na fili. Ni na san wani ɗan ƙasa da sha bakwai da ɗansa ke zuwa kallon wasansa da ƙafarsa. Don haka ban ji komai ba. Abin da ma ya sauƙaƙa, ba mu taɓa yi wa yaron takardar haihuwa ba. Abin da muke da shi katin awo ne kawai, wanda ake ba uwa a asibiti lokacin da take kai jariri a auna nauyinsa. Koci ya ce uba zai je ya yi takardar rantsuwa cewa ga ranar da aka haifi ɗansa, da ita za a fitar da sabuwar takarda. Katin awon kuma, ya ce, kada a sake ganinsa.

Na jira uwargida ta fita kasuwa, na buɗe akwatinta, na same shi a ƙarƙashin zannuwan aurenta cikin leda biyu. Da yamma kafin majalisa ta taru na cusa shi a murhun ataya. Shayin ranar ni na dafa, kowa ya yaba.

Washegari na je inda masu tafireta ke zama a gindin bishiya, aka buga mini takarda, na shiga ofis. Mutumin ya tambaye ni da wane littafi zan rantse. A nan ne na nuna hazaƙata. Tun daga gida na ƙi yin alwala da gangan, da aka miƙo Alƙur'ani kuma na karɓa da hankici. A lissafina, tunda ba alwala, kuma fatata ba ta taɓa shi ba, rantsuwar ba ta kama ni ba. Kai ka ce mala'ikun da ke kafaɗuna baƙi ne, ba su san wayon 'yan Nima ba.

Da takardar ta fito na kai gida ina rangaji. Uwargida ba ta yi boko mai zurfi ba, amma lissafin haihuwa ba a yi mata shi. Ta sa aka karanta mata ranar, ta ƙirga a yatsu, ta ce wato tsakaninsa da ƙanwarsa wata biyar kenan. Ta tambaye ni ko akuya na aura. Ni na yi dariya, ita ba ta yi ba. Da ta gano maganar katin kuwa, kwana uku ba ta kalli inda nake ba. Abin da kawai ta ce shi ne, shekarar da babban kwata ya cika ya shigo mana ɗaki ya tafi da katifa, katin nan a kanta ta ɗora shi ta fita.

Shi yaron ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta har ƙasa, ya daɗe a kan layin da sa hannuna yake.

"Baba, da me ka rantse?"

Na ba shi labarin hankicin, har da kwaikwayon yadda na riƙe. Na ce in ma akwai laifi ai kaffara ce, in ciyar da mutum goma, Nima kuwa ba a rasa mai jin yunwa, a majalisata kaɗai sai in samu sha biyu. Bayan kwana biyu ya same ni a shago ina yanka, ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce ya tambayi malaminsu ba tare da ya ambaci kowa ba. Malam ya ce rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya ce ba ta da kaffara, sai tuba da gyara abin da aka ɓata.

"Wasan zan buga, Baba. Amma in aka tambaye ni, bakina ba zai iya ba."

Na ce wa zai tambaye ka? Bature takarda yake ji, ba mutum ba. Na ce ya je ya shafa wa takalminsa mai, maganar manya ya bar wa manya.

Ranar Asabar aka yi. Na ɗinka wa kaina sabon kaftani, na kwashi rabin majalisa muka cika trotro. Jama'a, yau ba zan ƙara gishiri ba, yaron nan ya yi wasan da ban taɓa gani ba. Ya ci biyu, ya ba da ɗaya aka ci. Akwai wata da ya karɓa da ƙirji ya juya, mai tsaron bayan da ke binsa ya wuce shi kaɗai kamar an aike shi. Baturen yana ƙarƙashin lema, fuska ta yi ja kamar tattasai, yana ta rubutu. Da aka tashi ya nuna yara uku, ɗana ne na farko.

Na kutsa har na tsaya a bayan koci. Baturen ya karɓi takardun, ya dafa kafaɗar ɗana yana murmushi. Ba bincike yake ba, wallahi hira ce kawai irin wadda babba ke yi wa yaro. Ya ce shekarunka nawa.

Yaron ya ɗago ya dube ni. Ba kallon faɗa ba ne, ya fi kama da na mai neman gafara tun kafin ya yi abin. Ya ce goma sha bakwai.

Koci ya fashe da dariya, ya ce yaron ba ya jin Turanci sosai, ya ruɗe. Baturen ya sake tambaya a hankali. Ɗana ya sake faɗa, da Turancin da ya fi na kocin tsabta. Murmushin ya bar fuskar mutumin. Ya juya ya kalli sauran biyun da kyau, ɗayansu kuwa da safen nan ya aske gemu, har reza ta yanke shi a haɓa. Ya ninke takardun uku gaba ɗaya ya miƙa wa koci, ya shiga mota.

Ba ɗana kaɗai ya rasa ba kenan. Kafin azahar uwar ɗayan yaran tana tsakar gidanmu, gidan haya mai ɗakuna goma sha, kowa ya fito. Ta zage mu da Hausa, da ta ƙare ta koma yaren Tuwi, ta ɗan taɓa na Ga. Ta ce in ɗanmu aljanna yake nema ya nema shi kaɗai, me ya kai shi rufe wa 'ya'yan mutane ƙofa. Ni ma a cikina abin da nake faɗa kenan. Koci bai kore shi ba, yana bukatarsa a atisaye. Ya dai zaunar da shi a benci, ya ce har ranar da zai koyi hankali.

Yanzu ga inda nawa laifin yake, wanda ya fi na hankici.

Litinin da yamma majalisa ta cika fiye da kullum. Kowa yana juya kofin ataya, na san jira suke wani ya fara, su ci namana. Ni ne fa mutumin da ya ce ƙwallon ɗansa ta kai Tema. Ni kuwa a rayuwata ban yarda a riga ni ba. Na gyara zama na ce, ku taya ni murna, ɗana ya samu aiki, an naɗa shi Limamin Benci. Na ce yanzu shi ke jan 'yan jiran canji salla, gorunan ruwa a sahun baya. Na ce in ya yi satar gida shi zai bi rafali da gudu ya kai ƙarar kansa. Na ce in ya ci ƙwallo sai ya nemi yafiyar mai tsaron gida da iyayensa. Aka yi dariya har abokina mai albasa ya zubar da shayi a cinyarsa. Na tsira. Ba wanda ya taɓa ni ranar, na ba su wani naman.

Kafin Juma'a sunan ya haura Maamobi. Yaran trotro suna rataye a ƙofa, in sun hango shi sai su kwaɗa masa. Masu koko da ƙosai suka ɗauka. Ba wanda bai san bakin da sunan ya fito ba, don a Nima irin wannan ƙirar an san maƙerinta.

Na ɗauka zai bar ƙwallon. Bai bari ba. Kakar wasa guda ya yi a benci, ko minti ɗaya ba a sa shi ba, kuma ko atisaye ɗaya bai tsallake ba. Gudun asuba yana nan. Ranar wasa shi ke riga kowa zuwa, ya sa kaya, ya zauna, a tashi, ya dawo gida ya wanke takalmin da bai taka yashi ba. Uwargida ta ce mini in la'asar ta yi, da gaske yakan tashi ya shimfiɗa riga a bayan raga ya ta da salla, wasu daga cikin yaran su bi shi. A shekarar nan kuma ya haɗa haddarsa.

Aka sa ranar walima, ni zan ɗinka masa riga. Ya zo shago da hantsi, ya tsaya ya ware hannuwa, na ɗora tef. Kafaɗun sun buɗe ban lura ba. Ina cikin awo wata trotro ta rage gudu, yaron motar ya leƙo ya ce, "Limamin Benci, a sa mu a addu'a!" Ɗana ya ɗaga masa hannu.

Na yi wata 'yar dariya da ba ta da gindi. Na ce kada ya sa abin a ransa, ai ya san ubansa, wasa ne kawai.

"Na sani, Baba." Hannunsa na nan a ware, idonsa a kan titi. "Sunan farko da ka raɗa mini, Mma ta ce rago ka yanka mai ƙaho, har hoton na nan. Wannan na biyun ban ga rago ba. Ina jin ni ne ragon."

Sannan ya ce ko na gama awon, yana da bita wurin malam.

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, sai na ɗauko biro. Na sunkuya na rubuta awon a littafi yadda yake, inci bai ragu ba. Shekara talatin ina ɗinki ban taɓa yi wa awon kowa ƙarya ba, don na san in na rage uku rigar ba za ta shiga ba.

Kuna jira in ce daga baya wani Baturen ya zo ya ce shi mai gaskiya yake nema. Bai zo ba. Mai yankan rezan nan aka sake masa wata takardar, shekara na zagayowa ya haye jirgi. Yau ubansa bene gare shi, in ya wuce majalisa sai ya sauke gilashi ya ɗaga mana yatsu biyu. Ɗana kuwa ya je ya yi takardarsa ta gaskiya, uwarsa ce ta rantse masa, da alwalarta. Ya zaga ƙananan ƙungiyoyi da ita. Abin da ya kashe shi, in ya ce shekararsa sha tara, sai su ƙara huɗu a ransu kamar yadda suke yi wa kowa, su ce ya tsufa. Gaskiyarsa ma da kuɗin ƙaryar wasu aka auna ta. Da ya ga haka ya koyi aikin wayar lantarki. Yanzu da matarsa da 'ya'ya biyu, shi ke jan salla a wani ƙaramin masallaci in liman ba ya nan. Duk Asabar yana filin nan na Kotobabi yana koya wa yara ƙwallo, kuma ba ya karɓar yaro sai uwarsa ta kawo katin awo. Nasa kuwa ni na dafa shayi da shi.

Tuba na yi, na je wurin malamin nasa da ƙafata, na faɗi komai har da hankicin. Bai yi dariya ba, bayan ɗana shi ne mutum na farko da na ba labarin bai yi ba. Takardar ƙaryar tana nan a aljihun keken ɗinkina. Wani lokaci nakan ɗauko in duba. Wancan yaron na takarda ni kaɗai na haife shi, ba shi da uwa, kuma shi na zaɓa a ranar da aka ce in zaɓa.

In kun tambaye ni yau, a duk Zango babu uban da ya kai ni alfahari da ɗansa. Ba don ƙwallo biyun nan ba. Don yaro mai shekara sha bakwai da ya tsaya gaban Bature, da koci, da ubansa cikin sabon kaftani, ya faɗi abin da yake, sannan ya yi shekara a benci bai fasa gudun asuba ba. Amma wa zan gaya wa? Na gwada a majalisa. Na ajiye kofi na ce, wallahi yaron nan ya fi ni, ina alfahari da shi. Suka zuba wa bakina ido, suna jiran inda zan karya. Da suka ga ban ci gaba ba, sai suka yi dariyar haka nan, wai ko shirun nawa ma barkwanci ne.

Shi ma na gwada. Ranar wata Sallah ya zo gaisuwa da iyalinsa, ya tsuguna kamar kullum, don bai taɓa rage mini komai na ladabi ba. Na riƙe hannunsa na faɗa masa. Ya ce Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya yi murmushi. Na san murmushin. Shi ne wanda masu kawo mini ɗinki ke yi in na ce su dawo gobe, an gama.

Bai taɓa ce mini in zo fili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wasu Asabar ɗin nakan rufe shago in hau trotro, in tsaya wurin mai kwakwa a bayan katanga inda ba zai gan ni ba. Yaran suna kiransa Liman. Ba su san sauran sunan ba, ba su san wanda ya ƙera shi ba, yana tsaye nan da kwakwa a hannu.

Na san wasunku tun ɗazu yatsa na kan alamar dariya, kuna jiran in juya in ce wasa nake. Ku sauke hannu. Yau babu.